Ranar da Baba Ya Riƙe Gorar Eriya

Bana aikin Hajji ya sake faɗowa a bakin damina, kamar yadda ya faɗo shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, kuma bana ma ruwa ya yi nawa. A cikin wannan zafin ne, wata Talata da hantsi, na kunna talabijin a gidanmu na Kankia na nemi tashar jiharmu na rasa. Inda take sai wani rubutu fari a kan shuɗi. Maigidana ya karanta mini: wai kamfanin dish da gidan talabijin ɗin sun sami saɓani a kan wanda zai biya wani, an sauke tashar sai ranar da suka daidaita. Su suna can suna rigimarsu a ofis mai sanyi, mu an bar mu da 'yan ƙwallo da masu girkin da ba mu san sunansa ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Daɗi na ji.

Mako guda kafin nan an yi sanarwa a rediyo cewa gidan talabijin ɗin ya tono tsofaffin kasakasai na gaisuwar alhazai, irin wadda ake ɗauka a Makka kowa ya gaishe da mutanen gida, kuma ranar Juma'a da la'asar za a nuna ta mutanen yankinmu ta wata shekara. Da aka faɗi shekarar, Baba ya ɗago kai. Yana wurina tun da gwiwoyinsa suka ƙi, ya haura tamanin, rediyo ne abokin hirarsa.

"Uwani, kin ji?" in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da shi ba.

Na ce na ji. Shekarar da Innarmu ta tafi ce, kuma akwai abin da na faɗa wa Baba a kan wannan kaset ɗin wanda ba haka yake ba.

A lokacin muna ƙauyenmu Ƙofa, ina da shekara goma sha biyar, ni ce babba, ƙannena huɗu. Inna 'yar masu shanu ce, da mahaifinta ya rasu ta gaji 'yan shanu, ta ce Makka za ta. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbunmu ko rabi bai kai ba, don haka dangi suka yi ta gunaguni wai a sayi hatsi ya fi. Baba ya ce gadonta ne, niyyarta ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ana gobe za ta tafi ya miƙo mini wani ƙunshi a bakin zaure yana kallon wani wuri, ya ce in kai mata, wai a kasuwar Kankia ya gan shi da araha. Mayafi ne ruwan ƙwai. Inna ta ware shi ta yi tsaki, ta ce wannan ai na 'yan mata ne, sa'an nan ta ninke shi da kyau ta sa a ƙasan jaka.

Haka suke. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya da rana ba. Amma in ya dawo gona bai iske ta a tsakar gida ba, sai ya yi ta zagaye yana neman abin da bai ɓata ba har ta fito.

Da ta tafi gida ya dawo kaina. Sai a lokacin na san Inna ba mutum ɗaya ba ce. Da asuba in ɗebo ruwa, kuma rijiyar ta yi ƙasa, sai ka zura guga ka jira ta tattaro, abin da zai fito rabi laka. In dawo in yi surfe, in yi daka, in dama kunu. Tuwona na farko ya yi gudaji, ƙannena suka yi ta tsince shi suna harara ta, Baba ya cinye nasa tas ya ce haka yake so. Zafi kuwa ba a magana. Kafin hantsi ƙasa ta ƙi takuwa, ɗaki kamar an rufe ka a tukunya, ruwan randa ma ɗumi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin rumbu, awaki su bi inuwar katanga tana matsawa suna matsawa.

Kullum Baba ke shiga rumbu da kansa ya ɗebo. Da farko ƙwarya cike, sai ta koma ba ta kai baki ba, sai ya canza ƙwaryar da ƙarama don kada mu lura. Na lura. Muka bar tuwon rana, aka koma kunun kanwa da ɗan ƙanzo. Na koyi sirka gari da dusa mai laushi, na koyi tsinka miyar kuka yadda za ta zagaya. Yunwar ba irin mai kayar da mutum ba ce, irin mai zama a ciki ce tana sa ka jin haushin kowa. Ƙaramarmu takan tsaya a bakin murhu ta ce, "Yaya, Inna ba haka take yi ba." In ce mata to ta je Makka ta kira ta.

Da ruwa ya ƙi zuwa sai aka yi binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. Baba a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefa gero muna rufewa da diddige, ƙura na shiga hanci. Irin nan shi ne na ƙarshe, kowace ƙwaya sai da ya ji ta a ransa. Zabbin maƙwabta suka gane, muka koma gadi da rana tsaka. Kwana tara sai ga hadari daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika gari, muka fito muna tsalle a ciki har da ni da nake ganin na girma. Gero ya tsiro layi-layi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Aka yi Babbar Sallah ba ɗigo, ba mu yi layya ba, maƙwabta suka aiko mana da nama. Tsiron ya fara nannaɗewa, da rana ya kwanta, da safe ya ɗan ɗago.

Ana cikin haka labari ya zo cewa zafi ya yi yawa a Makka, alhazai na faɗuwa, kuma wai har da wata mata daga wajenmu ta rasu. Ba suna. A lokacin ba waya a hannun kowa, wasiƙa kuwa mai ita kan riga ta isowa. Kowane gida da ke da mace a can ya shiga zulumi. Baba kuwa ya bar cin rabin tuwonsa, kuma na san ba don gudaji ba ne.

Talabijin ɗaya ce a unguwarmu, ta Malam Haruna hedimasta, ƙarama, baƙi da fari, da batirin mota take aiki. Eriyarta na bisa wata doguwar gora da aka kafa a rami a bayan ɗakin matarsa aka ɗaure da igiya. In za a kalla sai wani ya tsaya a gindin gorar yana murɗa ta, na ciki suna ihu: "Dawo! Ka wuce! Kaɗan! Ya yi, ya yi, kar ka motsa!" In ba a dace ba, ba abin da za ka gani sai tsaki fari da baƙi yana tafasa. Malam Haruna ne ya ji cewa ranar Alhamis za a nuna gaisuwar alhazan yankinmu, ya zo ya faɗa wa Baba, ya ƙara da cewa sai dai batir ya mutu.

Washegari Baba ya ce yana da ɗan uzuri a Kankia. Na ga ya ɗaure batirin a bayan keke da tsumma da igiya, wai tunda hanya ce bari ya taimaki hedimasta. Ba shi da wani uzuri. Wuni guda ya bari na noma, ya je ya zauna a wurin masu caji cikin wannan rana, ya dawo da yamma ruwan batir ya ci masa gefen riga.

Ranar Alhamis tun la'asar tsakar gidan Malam Haruna ta cika. An saba fito da talabijin waje a ɗora bisa turmi, amma ranar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar kara da ganye, sai aka mayar da ita ɗakin matarsa. Mata da yara muka cusa kai ciki. Maza suka tsaya a ƙofa suna leƙe. An fara kenan, mutum biyu sun yi gaisuwa, iska ta fizgi gorar, igiya ta tsinke, hoton ya koma tsaki.

Malam Haruna ya ce wa Baba, "Malam Idi, shigo ka zauna, yau ba kunya. Bari in sa wani ya riƙe."

Idon mutane duk ya koma kan Baba. Da ba wanda ya tanka da ya shiga. Amma wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ku ba ango hanya, ya zo ganin amarya." Wasa ne kawai, ba da mugunta ba. Baba ya gyara hula.

"Mi zan gani?" in ji shi. "Matar da na sani? Ku bar yara su kalla, ni in riƙe maku."

Ya zagaya baya ya rungumi gorar da hannu biyu. Muka yi ta yi masa ihu ta taga, ya murɗa, ya dawo, hoton ya tsaya cak. Ina jin ya ɗauka za a jima kafin a zo kanta, wani zai karɓe shi idan hankali ya bar kansa. Mutum na huɗu ita ce.

Da ƙyar na gane ta. Inna mace ce mai jiki, amma wadda na gani kumatunta sun faɗa, idanunta sun zurma, leɓenta ya tsattsage, wata mata na riƙe da kafaɗarta daga baya. Ta gaishe da 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. Ta gaishe da yara, ta kira sunan huɗu, ni ta ce "da babbarsu," don ba a kiran sunan 'yar fari. Sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Da mutanen gida. A ce masu lahiya lau nike, kada su damu." Duk ɗakin ya san mutum nawa ne mutanen gidan nan. Aka wuce kan wani.

Na kutsa na fita. Ruwa ya fara sauka manya-manya, Baba na nan rungume da gora, rigarsa ta manne a bayansa, bai saki ba don akwai sauran masu jiran nasu.

"Ita ce?" ya ce.

"Ita ce, Baba."

"Alhamdu lillahi." Sa'an nan ya rage murya. "Ta rame?"

Na kalli mutumin nan da ya bar rabin tuwonsa kwana da kwanaki, na ce, "A'a. Har ƙiba ta yi."

"Wane mayahi ta yafa?"

Wannan kam na faɗi gaskiya, na ce ban sani ba, akwatin ba ya nuna launi.

Ruwan ranar shi ya ceci geron. Aka shiga noma ba ji ba gani, tafasa ta fito a bakin gona muka samu ta kwaɗo, yunwa ta ɗan sassauta. Bayan mako biyu jirgin mutanenmu ya sauka, matar da na gani tana riƙe da kafaɗar Inna ta zo gidanmu da jaka a ka. Zazzaɓi ne, in ji ta, an yi mata sutura a can. Da muka lissafa daga baya, ranar da muka gan ta a talabijin ta riga ta kwana uku a ƙasa. Mutane suka yi ta cewa ta dace, ba kowa ke samun kwanciya a Makka ba, kuma na yarda, amma ni uwata nake so. A jakar akwai dabino, da zamzam, da 'yan kunne nawa, da hula ta Baba. Mayafin ba ya ciki. Matar ta ce an rarraba wasu kayan sadaka, ba ta riƙe wanne da wanne ba.

Geron shekarar ya yi kyau, har muka ƙara rumbu. Baba bai sake aure ba sai da na yi aure, ita ma wadda ya aura ta rasu. Amma duk shekara in alhazai suka fara tashi sai ya ce, "Uwani, ya kika ce kin gan ta?" Ni kuma in sake ba shi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji masu magana, tawa kuwa har rassa ta yi. Na ƙara mata kumatu, na ƙara mata murmushi, wata shekarar har na ce da ƙafarta ta tako gaban masu ɗauka tana dariya. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe farat ɗaya abin ya zo, ba ta sha wuya ba." Da wannan yake kwana.

To kun ji dalilin da ya sa na ji daɗi da aka sauke tashar. Na je na faɗa masa da fuskar jimami. Ya saurara, ya ce, "To, Allah bai nufa ba," ya mayar da rediyonsa kunne. Da yamma ina kwashe shanya sai na ga farar rigarsa ta Sallah a igiya. Ashe tun ranar sanarwar ya sa aka wanke masa, wai ita zai sa ranar Juma'a. Na tsaya riƙe da rigar nan a tsakar gida, na ji kunyar kaina ta kama ni.

Washegari na je wurin wani mai gyaran talabijin a bakin titi kusa da tasha. Ya ce, "Hajiya, ai rigimar tasu a dish take, ba a iska ba. Tashar na nan tana watsawa, eriya za ki sa, sai dai ta yi tsawo." Ya ce tunda aka fara rigimar ma eriyoyinsa suka fara ƙarewa, bayan shekaru suna shan ƙura. Na sayi ɗaya, na sayi gora wurin masu kayan rufi. Maigidana ya kafa ta a bayan ɗakin Baba, ya zuro wayar ta taga. Ta kama, amma da iska ta kaɗa sai ta juya.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya sa farar riga da hular nan ta Makka wadda ta koɗe. Muka matso masa da kujera har gaban akwatin saboda idonsa. Maigidana ya ce shi zai riƙe gorar, in zauna kusa da Baba. Na ce a'a, shi ya san kan rimot, ni zan riƙe. Tsoro ne kawai, ba na so in kasance a ɗakin.

Na tsaya a bayan ɗaki rungume da gora, hadari na haɗuwa a gabas, maigidana na ihu, "Hagu! Kin wuce! Ya yi!" Na ji mutum na farko, na biyu, na uku. Sai muryar Inna ta fito ta taga.

Wancan karon idona ne ya cika da fuskarta, ban saurari muryar ba. Yau ba ni da komai sai ita. Tana kiran suna ɗaya ta tsaya ta ja numfashi, ta kira na biyu ta tsaya. Muryar da ke kiran awaki daga bakin gari su ji, ga ta nan siririya tana karkarwa, "lahiya lau" ɗin ma da ƙyar ta ida shi. Ko wanda bai san ta ba ya ji ya san mai maganar ba ta da lafiya. A daidai nan Baba ya tsaya, a bakin taga irin wannan.

Ban san lokacin da na saki gorar ba. Na shiga na durƙusa a gabansa, akwatin na tafasa da tsaki.

"Baba, ta rame," na ce. "Ƙarya na yi maka. Duk shekarun nan."

"Na sani, Uwani." Ya ɗora hannu a kaina. "Shekara goma sha bakwai ina jin muryar nan safe da yamma, sai a ce mani ban san ta ba? Tun tana gaida 'yan'uwanta na sani. Sai ga ɗiyata ta hito cikin ruwa, leɓe na rawa, ta ɗauko mani abin da take da shi. In ce ban amsa ba?"

"Amma duk shekara kana tambayata."

"Ke kaɗai ke mani hirarta."

Na kifa kai a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo jaka, don ranar akwai tuwon da zan tuƙa. Ya bar ni sai da na gaji. Ruwa ya fara buga kwano. Da na ɗago na ga shi ba kuka yake ba, fuskarsa a sake take kamar ta wanda aka yi wa albishir, yana ta kallon akwatin da ba komai a cikinsa.

"Ke ba ki gani ba, kina waje," in ji shi. "Wannan akwatin yana nuna launi. Ruwan ƙwai ne, Uwani. Nawa ta yafa."